Barewar Mai Fenti

"Ka tambaye ni?"

"Zuciyata, ki tsaya ki ji..."

"Ka tambaye ni, na ce! Eh ko a'a?"

Mai Fenti ya sunkuyar da kai. Burushin na hannunsa har lokacin, farin fenti na ɗiga a kan takalminsa. Ni kuwa ko jakata ban sauke ba. Dawowata ke nan daga wani gari, inda na je zana wa wata makarantar yara kifaye a bango. Warin fenti ya tare ni tun daga ƙofar gida, har na yi murmushi, don na san aikin mutumin da zan aura ne. Sai da na leƙa ɗakin Baba.

Bangon ya yi fari fat. Babu barewa, babu giwa, babu zalɓen da ke tsaye da ƙafa ɗaya a bakin tafki. Ya shafe su tas, kuma ya iya aikinsa, ko inuwarsu ba a gani.

"Yaya ne ya ce kin sani," ya faɗa a hankali. "Na so ki dawo ki ga gidan ya yi kyau..."

"Waya fa? Ba ka da waya? Kullum kana kirana ka ji ko na ci abinci, amma wannan ka kasa kira?"

"Ni na sa shi." Yayana ne ya fito daga falo yana gyara agogon hannunsa. "Kada ki sauke masa. Bikinki ya matso, Auta. Mutane za su shiga gaida Baba, su tarar da dattijo kwance a tsakiyar namun daji kamar ɗakin rainon yara? Ba a gidanmu ba."

"Yaya, yaushe rabonka da ka zauna a ɗakin nan?"

"Ki iya bakinki!"

"Ba zan iya ba! Kana leƙowa ka ce ya jiki, ka juya. Ka san abin da ke bangon nan kuwa?"

Bai sani ba. Amma Mai Fenti ya sani, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Baba ma'aikacin gandun daji ne, a can ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin namun daji. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce mu riƙa jansa da hira. Mun ja har muka gaji, Baba sai dai ya bi mu da ido. Wata rana baƙin ciki ya ishe ni, na ɗauko kayan zanena na fara zana barewa a bangon da ke fuskantar gadonsa. Ina cikin yi na ji gurnani a bayana.

"Kun... ne."

Na juyo da sauri. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna zanen, ransa a ɓace. Na yi wa barewa kunnen akuya! Kalmarsa ta farko ke nan. Daga ranar bangon ya zama makarantarmu. In zana, ya gyara. "Wutsiya." "Ƙafa... ta yi kauri." Wani lokaci da gangan nake ɓatawa don ya yi mini faɗa. Kafin in yi tafiyar nan har ya fara haɗa kalma uku, huɗu.

Duk wannan na ba Mai Fenti labari, ina kuka ina dariya, har hotuna na nuna masa a waya.

"Ka sani," na ce masa. "Kai ka sani."

"Na sani, abar ƙaunata. Na ce wa Yaya anya kuwa? Ya ce an gama magana da ke. Ta yaya zan ƙaryata yayanki, ni da nake neman shiga gidanku?"

"To ka shiga! Ga gidan nan, ka auri Yaya!"

A lokacin aka dawo da Baba daga falo a kan kekensa. Na so in tare ƙofar, amma ya riga ya gani. Idonsa ya tafi kusurwar da barewa take, ya dawo inda giwa take, ya sake komawa. Leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito. Da aka kwantar da shi, ya juya fuskarsa ɗaya gefen ya rufe ido.

Na zare zoben da ke yatsana, na jefa shi cikin bokitin fenti. Ya nutse ko ƙara bai yi ba.

"Ka shafe wannan ma," na ce. "Ai ka iya."

Kwanakin da suka biyo baya ban yi wa kowa da daɗi ba. Yaya in ya shigo sai in fita. Mai Fenti ya kira har na toshe lambarsa. Ina son sa, ba zan ɓoye ba, kuma son ne ya sa fushin ya ƙi sauka. Da wani can ne ya yi mini haka, da na zage shi na huta.

Na sake zana barewar. Na zana ta yadda Baba ya koya mini, kunne siriri, ƙafafu kamar kara. Bai kalla ba. Na goge, na yi mata kunnen akuya da gangan. Ya buɗe ido ya dube ta, ya dube ni, ya mayar ya rufe. Ashe tun da can ya san dabarata. Na shafe wurin da hannuna na zauna a ƙasa ina kuka. Abinci ma sai da lallashi yake karɓar cokali biyu. Likita ya ce in aka bar shi ya saba da shirun nan, maganar ba lalle ta dawo ba.

Wata rana da hantsi na fita sayo masa magani. Da na dawo na ga babur ɗin Mai Fenti a ƙofar gida. Jinina ya hau. Na shiga da niyyar in kore shi da tsintsiya.

Yana durƙushe gaban bangon, ya ba ƙofa baya. Ƙaramin burushina ne a hannunsa, ya riƙe shi da yatsu biyar kamar zai soki wani. Gumi ya jiƙa masa riga. Mutumin da bai taɓa zana ko ƙwai ba, wai shi ne yake zana barewa!

Ban taɓa ganin halitta mai muni irin wannan ba. Ciki kamar buhu, wuya kamar na raƙumi, ƙafafu huɗu duk a gefe ɗaya. Ƙaho ɗaya ya kalli sama, ɗayan ya kalli ƙofa.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kayana?"

Ya zabura, fenti ya fallatsa masa a fuska. "Na roƙi Baba... bai ce a'a ba."

"Yana magana ne da zai ce a'a? Kai ka rufe masa baki!"

"Na sani." Idonsa ya kawo ruwa. "Ni na ɗauke masa barewarsa, ni ya kamata in mayar. Ba don ki dawo gare ni ba, wallahi. Ki bar ni in gama, sai in tafi."

"Gama me? Wannan abin? Tashi ka fita!"

"Ja... ki."

Muka daskare mu biyu.

Baba ya juyo. Idonsa a buɗe, jajir, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna bangon.

"Jaki... ne! Jaki!"

"Baba..." na faɗa, maganin ya suɓuce daga hannuna.

"Barewa ce, Baba," in ji Mai Fenti.

"Ƙarya!" Baba ya bugi katifa. "Ƙaho... ba haka ba! Ƙafa... ina ka taɓa... ganin ƙafa haka?"

Jimla guda! Tun da ya kwanta bai taɓa yin mai tsawonta ba. Na toshe bakina, hawaye na zuba, dariya na neman shaƙe ni. Yaya ya shigo a guje don ya ji ihu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli Baba yana zazzaga faɗa, ya kalli farin bangon da ya sa a yi. Ya zo ya zauna a bakin gadon ya riƙe ƙafar Baba.

Na miƙa hannu zan karɓi burushin. "Kawo in gyara, kafin ka ƙarasa mana shi."

"A'a!" Baba ya daka mini tsawa. "Bar shi. Shi... ya ɓata. Shi zai gyara." Ya harari Mai Fenti. "Gobe... ka dawo."

"Zan dawo, Baba. Kullum zan dawo."

"Sai ka iya."

"Baba, ai wannan ba zai taɓa iyawa ba," na ce ina share ido.

Baba ya dube ni, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Na sani."

A tsakar gida Mai Fenti ya ciro zoben daga aljihu. Ya wanke shi, amma farin fenti ya maƙale a cikin zanensa.

"Ban huce ba," na ce masa.

"Na sani, zuciyata."

"Kuma in ka ƙara jin maganar wani a kaina ba ka tambaye ni ba..."

"Ko Baba ne ya faɗa, sai na kira ki."

Na miƙa masa yatsana ina hararar sa.

An yi bikin, baƙi sun shiga gaida Baba, Yaya da kansa yake nuna musu bangon. Na mayar da giwa da zalɓe da tafkinsu. Amma barewar Mai Fenti tana nan a tsakiya, an gyara ta har ba adadi, kullum ƙara muni take yi. Kowace safiya mijina yakan biya kafin ya tafi aiki, ya durƙusa da burushi, Baba ya wanke shi tas da faɗa.

Ni kuwa ina tsayawa a bakin ƙofa ina saurare. Ban taɓa barin kalma ɗaya ta wuce ni ba.