Sirdin Korau

Tun kafin ladan ya yi kiran farko Nomau Sarkin Baka ya saɓa bindiga ya fita ta ƙofar baya. Sallau maƙeri, abokinsa tun suna yara, yana jiransa a gindin rimi da tsohuwar bindigarsa adaka. Wata ɓauna ce ta baro garke ta addabi fadamar gari, ta tattake shinkafa, ta karya wa wani manomi haƙarƙari. Ita suka nufa.

Bindigar nan ba ta Nomau ba ce. Ta ɗansa Korau ce, wanda ya bi motocin hamada neman aiki, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa, ba shi ba labarinsa. A kanta akwai madubin hange mai zobe a wuya: ka juya zoben abin nesa ya matso, ka mayar da shi daji ya koma yadda ido yake ganinsa. Madubin yana zaune a kan wani ƙarfe da Sallau yake kira sirdi. Korau dogo ne mai dogon wuya, shi ya sa ya zaɓi sirdi mai tsayi, ya ɗaure notinsa da hannunsa. Nomau kuwa gajere ne, wuyansa a cikin kafaɗa.

"Sarkin Baka, har yau ba ka bar ni na sauke maka sirdin nan ba?" in ji Sallau suna ratsa raɓa. "Na ƙera maka gajere, yana can yana tsatsa. Ana auna sirdi da kuncin mai harbi ne, ba da kuncin wanda ya tafi ba."

"Mai ita zai dawo ya same ta yadda ya bar ta."

"To, ka roƙi ɓaunar ta jira ka hau turmi."

Suka yi sallah a bakin ƙorama, suka kutsa cikin gamba. Da gari ya waye suka ga sawu a cikin laka, kofato mai faɗi kamar bakin akushi, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Gaba kaɗan ga kashi yana tururi. Ga jikin wata ƙirya da ta goga, baƙin gashi manne da ɓawo. A irin wannan wuri ne Korau yakan durƙusa ya shinshina ƙasa, ya ɗago yana murmushi, ya nuna hanya da haɓa. Nomau ya waiga damansa, inda yaron yakan tsaya. Ciyawa ce kawai take kaɗawa.

Rana ta fara cizo sa'ad da carki, tsuntsun nan mai bin ɓauna, ya tashi da tsuwa daga cikin wani duhun sarƙaƙiya. Fakara ta yi shiru. Nomau ya mayar da zoben madubin ƙasa, don ya san abin a kusa yake, ya zare takalmi ya bi iska. Sai warinta ya buge shi, warin laka da fitsari. Sarƙaƙiyar ta tsage, ga ta nan, ƙaho a dunƙule a goshi, hanci yana digar ruwa.

Ya kai bindiga kafaɗa, ya kwantar da kunci a kan katako yadda hannunsa ya saba tun yana saurayi. Duhu ya gani. Idonsa yana ƙarƙashin madubin. Ya miƙe wuya, ya ɗaga kai sama har ya kai inda idon Korau yakan tsaya, sai daji ya buɗe tar, ɓauna ta cika gilashi. Amma kuncinsa yana rataye a iska, ba abin da ya tallafe shi, alamar tsakiyar madubin tana yawo daga ƙirji zuwa ƙaho. Ta sunkuyar da kai ta taso. Ya ja kunama.

Bindiga ta yi tsawa, bakin madubin ya dawo ya sare shi a gira. Harsashi ya bi ta saman doronta. Jini ya rufe masa ido, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, ya faɗa bayan wani suri. Ya ji ƙahonta ya daki surin, jar ƙasa ta zubo masa a ka. A nan adakar Sallau ta amsa daga gefe, hayaƙi ya turnuƙe. Ɓauna ta yi gurnani, ta kewaya da gudu, ta durƙusa a bakin ƙorama, ba ta ƙara tashi ba.

Sallau ya zo yana haki, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure masa goshi.

"Tsoho, ka kusa sa ni in koma gari in gaya wa Tabawa ta rasa miji bayan ɗa."

Nomau ya jawo bindigar ya ɗora a cinya. Ya daɗe yana shafa notin nan da babban yatsa, inda ƙarfen ya ɗan kwarzane da hannun yaron.

"Gajeren naka yana nan?"

"Na ce maka yana nan."

"Gobe zan zo maƙera." Ya share jinin da ya gangaro masa kan leɓe. "Amma kada ka taɓa notin nan, Sallau. Ni zan kwance su."