Jar Safar Lavinia

A sansaninmu na Virginia, shekara ta biyu da fara yaƙin Arewa da Kudu na Amurka, Elihu Tarbell ya fara ganin Lavinia Decker. Ina wurin. Ni da harsashi uku suka kasa kayarwa ba na ba da labarin ji-ta-ji-ta.

Ƙwallon sanda muke yi. Mu 'yan Massachusetts, in mutum ya buga ya ruga, jifansa ake yi da ƙwallon a fitar da shi. 'Yan New York ba su san haka ba. Elihu ya saki jifa, ya fasa wa ɗayansu, Kornelius Decker, hanci. Lavinia ƙanwarsa ce, ta zo jinyar masu rauni. Ta tare jinin da mayafinta.

"Abokan gaba ba su ishe ku ba?" ta ce.

"Haka ake yi a garinmu, 'yan mata."

"To garin mahaukata ne."

Kwana bakwai yana zuwa ban haƙuri, har ta daina korarsa, ta sa masa suna Mai Jifa. Ubanta tsoho Decker kuwa ya aiko cewa wanda ya jefi ɗansa ba zai taka masa gida ba, ga Saje Wilbur ɗan maƙwabcinsa yana jiran ta.

Ranar tashinmu ta ba shi jar safar ulu, da takarda a ciki: "Mai Jifa, da hannuna na saƙa. Ka dawo min da ita, da ƙafafunka a ciki."

Abokan gaba suka kama mu, har da Kornelius da Wilbur. A gidan fursuna ba yunwa kaɗai ke kisa ba. Mutum zai kwanta ya juya wa bango fuska, kwana uku sai a fitar da gawa. Kornelius ya fara irin wannan kwanciya. Elihu ya cire safar, ya warware ta, ya naɗe zaren a kan ɗan dutse, ya rufe da fatar takalmi, ya zama ƙwallo. Ya ɗirka wa Kornelius a gadon baya.

"Tashi ka rama, ɗan New York."

Haushi ya tashe shi. Kullum muka riƙa fita muna bugawa, ƙasusuwa a tsaye. Ni ne gwaninsu, kowa ya sani. Sanyin shekarar ya cinye wa Elihu yatsu huɗu na ƙafar hagu.

Wilbur aka fara saki. Ya je ya gaya wa Lavinia safarta ta zama abin wasa. Wasiƙarta layi ɗaya ce: "Na ji abin da ka yi da ita."

Mu talatin muka bar garinmu, tara muka dawo. Elihu ya dogara sanda har ƙofar Decker, tsohon ya tare hanya. Kornelius ya miƙa wa ubansa ƙwallon.

"Baba, sau biyu ya jefe ni. Na biyun ne ya dawo muku da ni."

Lavinia ta dubi jan zaren da ke leƙowa ta ɗinki, ta dubi ƙafar Elihu.

"Da ƙafafunka na ce, Mai Jifa."

"Abin da ya rage ke nan, Lavinia."

Ta riƙe masa sandar tana kuka, tsohon ya kauce daga ƙofa.

Aka ɗaura aure a ƙaramin coci, rabin kujerun abokan ango babu kowa. Tsohon ya sa musu albarka, Allah kuwa ya amsa. Shekara arba'in tana saƙa masa jar safa, ta hagun kullum ta fi gajarta.