Fanken da Bai Kira Kowa Ba

Akbota yarinya ce mai gaggawa. Da sauri take cin abinci, da sauri take rubutu, gaisuwa ma a guje take yin ta. Tana aji shida a wata makaranta a garin Taraz. Gidansu yana hawa na uku a wani dogon bene. Tana zaune da mamanta da kakarta da ƙaninta Nurtas, wanda bakinsa ba ya riƙe magana.

Kowace Alhamis Kaka takan soya shelpek, fanken nan mai faɗi marar kauri. Sadaka take yi wa mijinta da ya rasu. Takan bar ƙofa a buɗe tana suya. Kafin ta sauke kasko, maƙwabta sun fara hawowa. A sha shayi, a ci fanke, a yi wa mamaci addu'a. Kaka ba ta taɓa aikawa a kira kowa ba. Akbota kuwa ba ta taɓa tsayawa ta tambayi yadda ake yi suke zuwa ba.

Wata Alhamis a tsakiyar sanyi, Kaka ta tashi da mura mai ƙarfi. Hanci ya toshe, murya ta dishe.

Mama ta ce, "Inna, yau sai asibiti. Ban da gardama."

"To, fanken fa?" in ji Kaka.

"A bar shi sai mako mai zuwa."

"A bar me? Tun da ya rasu ban taɓa tsallake Alhamis ba. Ba mura ce za ta fara sa ni ba."

Sai ta juya ta dubi Akbota. "'Yar raƙumata," ta ce. Haka take kiranta idan tana son ta lallaɓa ta. "Kin sha tsayawa kusa da ni. Kin san kwaɓin, kin san suyar. In kin taso makaranta za ki yi mini?"

"Zan yi, Kaka! Wannan ai ba wani aiki ba ne."

"Ki rage wuta, kada mai ya fallatsar miki. Kuma ki buɗe ƙofa."

"Na ji, na ji," in ji Akbota. Rabin jikinta ya riga ya fita waje.

Da aka tashi daga makaranta, sai ga ƙawarta Dilnaz tana haki. "Akbota! Ƙanƙara ta rufe tudun bayan makaranta, ya daskare sumul. Kowa yana can yana wasan zamiya. Zo mu je!"

"Ba zan iya ba. Suyar fanke zan yi."

Dilnaz ta kwashe da dariya. "Suya? Ke tsohuwa ce? Shagon bakin titi ana sayar da shi a leda, soyayye. Mamata can take saya. Ki juye a faranti, wa zai sani?"

Akbota ta yi tunani. Kwaɓi yana cin lokaci. Sai an murza, an bar shi ya huta, an yanka, an faɗaɗa, an soya ɗaya bayan ɗaya. Tudu kuwa ga shi can, yara suna ta ihu a kai. Ta taɓa aljihunta, ta ji kuɗin kashewarta suna nan.

"Fanke ai fanke ne," ta ce. "Mu je!"

Ta yi wasa har kumatunta suka yi ja. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, tana ta dariya. Daga nan ta biya shago ta sayi leda biyu, ta ɗauko Nurtas daga makarantarsu, suka hau gida a guje.

Ta ɗumama fanken, ta jera shi a babban farantin Kaka mai zanen furanni. Ledojin kuma ta tura su can ƙasan kwandon shara. Har fulawa ta ɗan barbaɗa a gaban rigarta, don wayo.

Nurtas yana tsaye yana kallonta. "Yaya, ai wannan na shago ne."

"Rufe mini baki! Ungo guda, ka ci. In ka faɗa, ba zan ƙara ba ka aron fensirina mai launi ba."

Nurtas ya cika baki da fanke, ya gyaɗa kai.

Da la'asar Kaka da Mama suka dawo. Kaka ta ga faranti a cike, fuskarta ta washe.

"Kai, madalla! Dubi yadda suka yi kyau. Allah ya yi miki albarka, 'yar raƙumata."

Ta ja numfashi don ta ji ƙamshi, amma hancin ya ƙi. Sai atishawa ta biyo baya. Mama kuwa tana ajiye jaka ta wuce kantin magani da takardar likita. Akbota ta ji daɗi. A ranta ta ce, shi ke nan, ta sha.

Kaka ta ɗaura farin ɗankwalinta. Ta shimfiɗa zanen tebur, ta jera kofuna, ta dafa shayi da madara. Ta zauna tana fuskantar ƙofa.

Shiru.

Shayi ya huce, aka sake ɗumama shi. Aka ji takun mutum a matakala. Kaka ta gyara zama, amma takun ya wuce sama. Nurtas ya buɗe baki zai yi magana, Akbota ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ikon Allah," in ji Kaka a hankali. "Ko maƙwabciyarmu Zauresh mai surutu ba ta leƙo ba. Yaran nan 'yan jami'a na hawa na biyar, da ba sa ƙoshi, su ma shiru."

Ta dubi hoton mijinta a bango, ta daɗe tana kallo.

"Wataƙila sun gaji," ta ce. "Shekaru sun ja. Mutane suna da ayyukansu. Wa zai yi ta tuna tsoho har abada?"

Ta sa gefen ɗankwali ta share ido, ta ce murar ce. Akbota ta san ba mura ba ce. Daɗin wasan nan duk ya bi iska.

"Sauka ki dubo mini Baba Kuanish," in ji Kaka. "Shi dai ba ya fashi. Ina tsoron ko ba shi da lafiya."

Baba Kuanish tsohon direban jirgin ƙasa ne, abokin marigayin. Yana zaune shi kaɗai a hawa na ƙasa, kuma idanunsa sun daina gani. Akbota ta sauka. Karo na farko a rayuwarta, ba ta yi gudu a matakala ba.

Ta tarar da ƙofarsa a ɗan buɗe. Yana zaune a kujera dab da ita, da hularsa da rigar sanyinsa, sanda a hannu.

"Wane ne? Akbota ce? Yaya jikin kakarki? Ya yi tsanani ne?"

"A'a, Baba, da sauƙi. Tana can tana jiranku. Me ya hana ku hawowa?"

"Me ya hana ni? Tun azahar nake nan na baza hanci. Ban ji komai ba! Na ce lallai yau tsohuwa ta kwanta, kada in je in dame ta. Zauresh ma ta zo ta tambaye ni, na ce mata mu bari ta huta."

"Hanci kuma, Baba?"

"To, da me kike zaton ake kiranmu? Da waya? In mai ya yi zafi, kwaɓi ya faɗa ciki, ƙamshin nan yakan gangaro matakala ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Da shi muke sanin gidan ya shirya. Ni da ba na gani, da shi nake sanin Alhamis ta yi."

Nan take Akbota ta fahimta. Ashe dalilin buɗe ƙofa ke nan. Ita ce ta hana kowa zuwa. Ita ce ta sa Kaka hawaye. Kunya ta rufe ta.

Ta kama hannun tsohon suka hau a hankali. Suna shiga, ba ta ko tsaya cire takalmi ba.

"Kaka, ba su manta da shi ba," ta ce. "Laifina ne. Ban soya komai ba. A shago na saya, na tafi wasa. Na yi miki ƙarya."

"Ledojin suna cikin shara!" in ji Nurtas da ƙarfi. Ya sauke ajiyar zuciya, don maganar ta daɗe tana cinsa.

Kaka ta ɗauki fanke guda, ta juya shi, ta ɗora a kan wani. Suka hau juna daidai.

"Ni ma na yi mamaki," ta ce. "Na yi shekara da shekaru ina suya, ban taɓa samun biyu da suka zo daidai ba. Na ce jikata ta fi ni hannu."

Baba Kuanish ya tuntsire da dariya. Akbota kuwa ta fashe da kuka. Kaka ta jawo ta jikinta.

"Ya isa. Saurara. Sayen fanke ba laifi ba ne. Ranar da muke sauri, mu ma mukan saya mu karya kumallo. Da kin ce mini ba za ki iya ba, da mun san dabara. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kin ce za ki yi, ba ki yi ba, kuma kika rufe ni."

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Yanzu share fuska. Rana ba ta faɗi ba, Alhamis tana nan. Ɗauko fulawa."

Kaka ta zauna a kujera tana ba da umarni. Akbota ta zuba madara mai ɗumi da gishiri, ta murza har hannunta ya gaji. Ta so ta yanka nan take.

"Bar shi ya huta," in ji Kaka. "Kwaɓi ba ya son gaggawa. Ke ma zauna."

Ta zauna. Wuya ta sha, amma ta zauna.

Mama ta dawo ta tarar da kicin ya yi fari da fulawa. Nurtas ya ba ta labari duka kafin ta cire rigar sanyi. Ta harari Akbota, sannan ta naɗe hannun riga ta tsaya kusa da kasko.

"Nurtas, buɗe ƙofa!" in ji Akbota. "Buɗe ta gaba ɗaya!"

Fanken farko ya faɗa cikin mai, ya yi cuuu, ya kumbura. Ya fito a karkace kamar kunnen jaki. Na biyu ya ɗan ƙone a gefe. Kafin na biyar, sai ga muryar Gwaggo Zauresh a matakala.

"Wa ya ce tsohuwa ta kwanta? Kuanish, kai ne ka hana mu zuwa, ashe ka riga mu zama!"

'Yan jami'a suka biyo ta suna sosa ƙeya. Ɗaki ya cika, kujeru suka kasa. Baba Kuanish ya ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa. Kaka ta dubi mutanen da suka kewaye teburinta, ta yi murmushi har idanunta suka rufe.

'Yan jami'a suka cinye na shagon tas, ba su bar ko ɓurɓushi ba. Baba Kuanish kuwa ya laluba faranti, ya zaɓo karkataccen nan. Ya shafa gefensa da yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba. Bai yi kyau ba."

"Ban ga kyau ba, ban ga muni ba," in ji tsohon. "Na dai ji hannun mutum a jikinsa. Zuba mini shayi."

Tun daga ranar, Akbota ta gane cewa ba kowane aiki ake yi wa hanyar yanke ba. In ka ɗauki alkawari, ka cika shi da hannunka. In ba za ka iya ba, ka faɗi gaskiya tun da wuri.