Ungozoma da Ruwan Wankan Jikanta

Can a wani zamani an yi wata ungozoma, ita ke wanke duk jariran garin. Takan tsoma hannu a ruwa ta ce, "Ya yi daidai."

Da tsufa ya kama ta, jijiyoyin hannunta suka daina kai saƙo ƙwaƙwalwa, amma ta ɓoye.

Ran nan 'yarta ta haihu. Tsohuwa ta tsoma hannu, ba ta ji zafi ba, ba ta ji sanyi ba.

'Yar ta ce, "Inna, ya yi daidai?"

Ta dubi jikanta, hawaye ya zubo. Ta ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Ku kira wata."

Ta koma gefe ta zauna. Sai aka ga fatar hannunta ta soma saluɓewa.