Fitilar Madam Nadiya

Wata yarinya ce a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, 'yar shekara tara, mai shegen karambani. Mamanta, Hamdatu, tana aikin kula da wata tsohuwa 'yar Rasha mai suna Madam Nadiya.

Ran wata Asabar babu mai zama da yarinyar, dole uwar ta tafi da ita wurin aiki. Tun a jirgin ƙasa ta ja mata kunne kada ta taɓa komai.

A kusurwar falo akwai hoton wani mutum mai dogon gemu da baƙar riga. A gabansa wata 'yar jar fitilar mai tana ci. Da rana tsaka! Yarinya ta ga ɓarna ce, ta hure ta.

Da tsohuwa ta fito ta gani, sai ta koma gefe ta zauna. Abincin rana ma ta ƙi ci. Hankalin Hamdatu ya tashi, don shekara huɗu ta yi kafin matar nan ta yarda da ita.

"Ke ce?" in ji uwar.

"Mama, mai nake tattala mata."

"Man ubanki ne? Wuce ki ba ta haƙuri."

Ta je, kai a ƙasa. Tsohuwa ta dube ta, sannan ta faɗa mata cewa mai gemun nan kawunta ne. Kirista ne ɗan ɗarikar Otodoks. Ya bar aure da dukiya, ya tare a gidan ibada yana addu'a da kiwon zuma. Kullum ƙudan zuma sai sun kumbura masa hanci, shi kuwa sai dariya. Wata shekara hukumar Rasha ta hana addini. Sojoji suka ce ya tuɓe rigar ya ce babu Allah. Ya ƙi, suka harbe shi. Har yau ba a san kabarinsa ba.

"Wannan fitilar ce kawai wurin da nake ziyartarsa," in ji ta.

Yarinya ta fashe da kuka. Tsohuwa ta ce kukan ya isa, ta zo ta riƙe mata hannu su kunna fitilar tare. Ta riƙe, tsohuwa ta ƙyasta ashana, fitila ta kama.

Sannan ta ce a kawo burodi da zuma, yunwa take ji. Hamdatu ta yi ajiyar zuciya.

A hanyar gida uwar ta ce, "Addininsu daban, namu daban. Amma abin da mutum ya ɗauka da daraja, ba a yi masa wasa da shi. In ba ki sani ba, ki tambaya."

Tun daga ranar, bakin yarinyar ke riga hannunta: sai ta tambaya kafin ta taɓa.