Duwatsun Ganuwar Akka

Ranar Laraba, dab da magariba, na tsayar da mota a gefen wani kango a bayan unguwarmu ta Misfala, a nan ƙasa mai tsarki. Tsofaffin gidaje ne aka rushe, ba a kai ga fara sabon gini ba. Duwatsu nake nema, ƙanana masu faɗi, waɗanda zan gina ganuwa da su.

Ganuwar ta wasa ce. Shekara shida ke nan ina tara sojojin dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ni nake yi musu fenti, ban da fuska, don Ummi, mahaifiyarmu, ta ce ba za a kore mata mala'iku daga gida ba. Duk Juma'a bayan la'asar mukan hau ɗakin saman bene, ni da ƙanwata Wafa da Baffa Datti, ƙanin mahaifinmu, mu shimfiɗa wani yaƙi na tarihi a kan tebur. A jefa ƙwayar ludo, a auna da rula, a tura runduna. A makon nan kewaye birnin Akka za mu yi.

A kusurwar kangon na tarar da duwatsu an jera su tsaf, kamar ɗan ɗaki, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Na ɗauka aikin yara ne. Na rushe shi, na cika jaka. Duk zafin da aka yi ranar, duwatsun da sanyi suke, kamar daga rijiya aka ciro su. Sai da na isa gida na tuna ban yi bisimilla ba.

Ranar Juma'a Wafa ta zaɓi tsaron birni, ni na ɗauki rundunar da za ta kewaye shi. Baffa ne alƙali, yana gefe da littafin dokoki da kofin shayinsa.

"Yaya Lurwanu, ganuwar ta yi kyau," in ji Wafa. "Amma wari take yi."

Na sunkuya na shinshina. Warin ƙasa ne jiƙaƙƙiya, gauraye da na tsohon hayaƙi. Rabonmu da ruwan sama wata bakwai.

"Gam ne," na ce. "Yalla, jefa."

Ƙwaya ta ba ni sa'a. Na jera maharba na tare ƙofar arewa. Ina sauke hannu mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauke, sanyin ɗakin ya fara janyewa. Muka ce wuta aka ɗauke. Amma fitila tana ci.

Na tare ƙofar kudu. Na tare ta gabas. Ta yamma teku ce, na jera mata jirage uku.

"Khalas, shi ke nan," na ce ina dariya. "Ko ɓera ba zai fita ba."

Ƙofar ɗakin ta rufe a bayana. A hankali, kamar yadda ake rufe wa mai barci.

Na tashi na murɗa hannun ƙofar. Yana juyawa, amma ƙofar ba ta ko motsi. Na sa kafaɗa. Kamar bango nake turawa.

"Lurwanu," in ji Baffa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kana jin mota?"

Na kasa kunne. Wanda ya san Misfala ya san ba ta shiru: hon, masu talla, takun mahajjata. Yanzu babu ko ɗaya. Na ɗaga labule. Daga tagar nan kullum muna hango hasumiyar agogo. Ban ga hasumiya ba, ban ga maƙwabta ba. Toka-toka kawai, manne da gilashi. Tagar ma ta ƙi buɗuwa.

Na duba waya. Biyar da arba'in. Na buga ƙofa, na kira Ummi har muryata ta dushe. Na sake dubawa. Biyar da arba'in.

Zafi ya cika ɗakin. Wafa tana da ciwon asma tun tana ƙarama, kuma abin fesawarta yana ƙasa, a cikin jaka. Numfashinta ya fara fito.

Sai muka ji ƙara daga kan tebur. Dutse yana gogar dutse.

Ƙwayar ludo ta mirgina da kanta. Ta tsaya.

Daga cikin ganuwar, wadda faɗinta bai wuce faranti ba, jariri ya yi kuka. Siririn kuka, mai nisa. Wani ya lallashe shi.

Muryar wata tsohuwa ta biyo baya, daidai kunnena.

"Ta ina za mu bi?"

Baffa ya kama hannuna. "Ina ka samo duwatsun nan?"

Na gaya masa.

Ya rufe ido. "Gidan mutane ka kwaso, da mutanen a ciki. Kuma ka tare musu ƙofofi."

Wafa ta zame ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur. Leɓunanta sun fara sauya launi.

Na ɗaga hannu zan share sojojin gaba ɗaya. Baffa ya riƙe ni.

"Kada ka danne wani. Ɗaya-ɗaya."

Ya fuskanci ganuwar, ya yi sallama. "Bayin Allah, ɗana bai sani ba. Ga hanya za a ba ku." Ya shiga karanta Ayatul Kursiyyu.

Na ɗauke soja ɗaya daga ƙofar gabas. Na biyu. Su sha huɗu ne.

A na tara, wani abu ya riƙe mini wuyan hannu. Yatsu ƙanana, masu sanyi.

Ban duba ba.

Wafa ta daina fito. Shirun ya fi fiton muni.

Sha uku. Sha huɗu.

Iska ta zubo daga tebur zuwa ƙasa. Na ji suna wucewa ta tsakanin ƙafafuna, suna gogar idon sawuna, da yawa, wasu da sauri, wasu suna jan ƙafa.

Ƙofa ta buɗe. Kiran salla ya faɗo ɗakin tare da hon ɗin motoci. Na isha'i ne.

Na saɓi Wafa na gangara matakala.

Kwananta biyu a asibiti. Ni da Baffa muka mayar da duwatsun da sassafe, muka jera su yadda na iya tunawa. Ɗakin saman kuwa na cire masa ƙofa gaba ɗaya. Wasan bai mutu ba, amma ya dawo falo, kuma a fili kawai muke yaƙi yanzu, inda kowa ke da hanyar gudu.

Sai bayan wata guda Ummi ta tayar da maganar, ina taya ta gyaran ganyen mulukiyya na miya.

"Ranar nan na hau kiranku sallar magariba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Sau biyu. Na buɗe ƙofar, na shiga har tsakiyar ɗakin. Shayin Baffanku yana tururi. Ku ne dai babu."