Hoto Ɗaya Kowace Safiya

Ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo caji ofis na garin Tongyeong rungume da kwamfuta a ƙunshe cikin zane. Ta ajiye ta a teburin Sufeto Tak Mun-gil kamar mai sauke tukunya daga wuta.

"Ƙarar sata na kawo."

"Me aka sace?"

"Fuskata."

Shekarar Sufeto Tak ashirin da takwas a wannan aiki. Ya karɓi ƙarar satar kare, da ta ragar kamun kifi, har da ta kabari. Bai yi dariya ba. Ya tura mata kujera da ƙafa.

Sunanta Ok Su-ryeon, shekararta talatin da tara. Tana da shagon ɗinkin barguna a bayan kasuwar kifi, gadon mahaifiyarta. A kan teburin yanka kwamfutar take zama, ta nan masu saye daga Seoul suke aiko mata da awo. Yanzu an liƙe idon kyamarar da filasta har biyu.

"Watan jiya na yi tari kwana huɗu," in ji ta. "Ban gaya wa kowa ba, ban je asibiti ba. Rana ta biyar na tarar da kwalbar citta da zuma a ƙofar shago, ba suna. Shekaranjiya kuma ina zaune na ga ɗan hasken kyamara ya ƙifta, alhali ban taɓa komai ba."

"Wa kike zargi?"

"Bong Gi-tae mai gyara. Shi na kai wa kwamfutar a watan Maris." Ta dubi hannayenta. "Na rufe shagon, Sufeto. In na zauna a keken ɗinki sai in ji ido a ƙeyata. Ƙanwar mahaifiyata ta ce in koma wurinta a Daegu, na ce mata Asabar. In ba ku samo mai idon nan ba, kwaɗo zan sa in tafi. Shekara talatin uwata ta yi a wannan shagon."

Sufeto ya rubuta Asabar a takarda, ya ja layi a ƙarƙashinta.

A bene na biyu Sajan Gye Mi-ran take, ita ke kula da laifukan kwamfuta. Ta cire na'urar daga intanet, ta sa manhajar bincike ta bi cikinta lungu-lungu, sannan ta buga rahoton a takarda saboda ta san idon Sufeto ba ya jimirin allo.

"Shafi uku," in ji ta. "Duk abin da yake farkawa in an kunna kwamfuta yana nan, kowa da layinsa. Kamar rajistar masu kwana a masauki. Aikinmu mu tambayi kowa wa ya kawo shi."

"To, tambaye su."

Ta ɗauki jan biro ta fara bi. Wannan na sauti ne. Wannan na injin buga takarda. Wannan tarkacen talla ne, ƙazanta ce amma ba ɓarawo ba. Tana yi tana sa alama, Sufeto yana bin yatsanta da tabarau a kan hanci. A layi na arba'in da bakwai biron ya tsaya.

"Ga baƙonmu. Ya ɓuya a jakar da ba a gani, ba sunan kamfani, ba sa hannu. Dubi sunan da aka raɗa masa."

Sufeto ya duba. An rubuta Ehdrkddkwl.

"Wane yare ne wannan?"

"Ba yare ba ne. Irin waɗannan manhajojin leƙen asiri haka suke haɗa haruffa barkatai don kada a gane su. An dasa shi sha huɗu ga Maris, ƙarfe sha biyu da minti arba'in da ɗaya na rana." Ta juya shafi. "Amma ban taɓa ganin malalaci irinsa ba. Yana iya sauraron magana, an kashe. Yana iya karanta saƙonni, an kashe. Hoto ɗaya yake ɗauka kowace safiya, tara da minti goma, ya aika wani adireshin imel, ya koma barci."

"Na wa ne adireshin?"

"Sai da takardar kotu. Kwana goma, in alƙali ya tashi da fara'a."

"Kada ki goge shi tukuna," in ji Sufeto.

Shagon Bong Gi-tae ɗan tsukuku ne kusa da tashar jirgin fito. Mutumin ya haura sittin, ga tumbi, ga sukundireba a bayan kunne.

"Batir na canza mata, shi ke nan," in ji shi. "Ni da jikoki huɗu zan tsaya leƙen 'yar mutane? Haba Sufeto."

"Sha biyu da arba'in ran sha huɗu ga Maris kana ina?"

"Ina nan. Ba na motsawa."

"Matar da ke sayar da miyar kifi a tsallake ta ce shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa fashin kujerarta ba, daga sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi."

Bong ya cire sukundireban ya mayar. "To, na je cin abinci. Laifi ne? Kulle shagon nake yi."

"Kullum?"

"Kullum."

Sufeto ya dubi kwaɗon da ke rataye a ƙofa. Tsatsa ta riga ta haɗe bakinsa. Ya yi sallama.

Laraba da safe ya zauna rubuta rahoto. Da yatsa biyu yake bugawa, kansa a sunkuye, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da ya ɗago sai ya ga layi biyu na shirme a allo. Ya manta bai danna maɓallin sauya rubutu ba. Kowane maɓalli haruffa biyu ne a kansa, namu na Koriyanci da na Turawa, kuma wanda ba ya ɗaga kai yakan buga Koriyanci, injin yana zuba masa haruffan Turawa bai sani ba.

Ya kai hannu zai goge, sai ya fasa. Ya jawo rahoton Sajan Gye, ya mayar da madannai kan haruffanmu, ya bi sunan baƙon nan maɓalli bayan maɓalli. Kalma ta fito sarai: ttong-gangaji. Kwikwiyon kashi.

Ya hau bene ya ajiye mata takardar.

"Ba manhaja ce ta haɗa haruffan nan barkatai ba. Wani tsoho ne ya buga wannan bai ɗaga kai ba."

Sajan Gye ta karanta, ta dafe goshi. "Haka kakata take kirana. Wai sunan ƙazanta yana sa mutuwa ta wuce yaro ba ta waiwaya ba. Shekara goma sha biyar ina karanta rahotanni, sai mai yatsa biyu ne zai gyara mini karatu."

"Yi haƙuri. Saurin hannu ne ya cuce ki."

Ya sami Su-ryeon a shago, ƙofar ƙarfe a sauke rabi, tana naɗe barguna cikin kwali. Ya miƙa mata kalmar a rubuce.

"Wa yake kiranki haka?"

Ta daɗe tana kallon takardar. "Ba kowa."

"Kakarki?"

"Ta rasu ina aji uku."

"Mahaifinki fa?"

Ta ci gaba da naɗi, amma bargon ya ƙi daidaituwa. "Yana da rai, in abin da kake tambaya ke nan. Mai rediyo ne a jiragen kamun kifi na nesa. Da uwata ta kwanta ciwon ajali na aika masa sau uku. Jirginsu ya tsaya a tasha, akwai jirgin sama, bai hau ba. Kwana uku na tsaya ni kaɗai ina karɓar masu gaisuwa, wurin tsayuwarsa ba kowa. Da ya dawo na ce kada ƙafarsa ta sake taka shagon nan. Shekara bakwai bai taka ba." Ta ajiye bargon. "Tsoho ne. Bai san kwamfuta ba."

"Wanda ya yi shekara talatin yana gyara rediyo a tsakiyar teku?"

Ta sake ɗaukar bargon ta tura shi cikin kwali.

Daga bakin shagon ya kira Bong a waya. "Ok Man-cheol, mahaifin Su-ryeon. Shi ke tsare maka shago in ka tafi cin abinci?"

Bong ya sassauta murya. "Yaya Man-cheol ba mugu ba ne, Sufeto. Tare muka yi soja. Ya ga sunanta a jikin kwamfutar, ya ce in tafi in ci abincina a natse. Ban tambaye shi komai ba."

"Ba ka so ka sani ba dai."

"To. Haka ne."

Ɗakin Ok Man-cheol yana tsallaken gada, a saman wani kantin kayan kamun kifi. Alhamis da tsakar rana Sufeto ya hau da takardar bincike. Ya tarar da dogon tsoho busasshe, ya ɗora tukunyar shinkafa, ya jera kwano ɗaya da cokali ɗaya.

"Dattijo, ka san abin da ya kawo ni?"

"Ban sani ba."

"Ka taɓa kwamfutar 'yarka?"

"Ni da ko fuskarta ban gani ba shekara bakwai."

"Wa ya gaya maka ta yi tari?"

"Garin ƙarami ne."

"Ni ban ce maka ta yi ba, kai kuma ba ka yi mamaki ba." Sufeto ya nuna wata tsohuwar kwamfuta a kan akwati. "Buga mini sunanka a can. Cikakke."

Tsohon ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya buga da yatsa biyu. Da ya ɗago sai ya ga haruffan Turawa a jere. Sufeto ya ajiye masa layi na arba'in da bakwai kusa da su. Man-cheol ya dubi wannan, ya dubi wancan, kafaɗunsa suka sauka.

"Ashe haka ya fito," in ji shi a hankali. "Ni na ɗauka da haruffanmu na rubuta."

Ya buɗe akwatin da kansa. Hotuna ne an buga a takarda, an ɗaure su wata-wata da zare, kowanne da kwanan wata a bayansa. Duk fuska ɗaya ce, a kujera ɗaya, da kofin shayin sha'ir a hannu.

"A ajin tsofaffi na koyi kwamfuta, sauran na bi na tono da kaina. Na kashe na sauraro, na kashe na saƙo. Ba sirrinta nake so ba. Nan ta yanke gashi. Nan ta rame. Nan ta fara sa tabarau, sai ka ce uwarta." Yana bin hotunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Litinin ba ta buɗe shago. Litinin ba na samun komai."

"Me ya hana ka hawa jirgin saman nan?"

"Tsoro. Na sayi tikiti, na zauna a filin jirgi har aka kira sunana sau biyu. Na kasa zuwa in ga matata a haka. Ba ni da wani dalili, na nema shekara bakwai ban samu ba."

"Ka san ta rufe shagon? Asabar za ta bar garin. Tsoronka take ji, ba ta ma san kai ne ba."

Tsohon ya ɗago da sauri. Wannan bai sani ba, don tun Lahadi filasta ta rufe masa ido. Ya miƙe, ya kashe wutar tukunya, ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya dubi ƙasusuwan wuyan hannun, ya bar ankwa a aljihu.

A ofis Sajan Gye ta kwafi shaida, ta kira Su-ryeon ta zo ta gani da idonta. Ta tsayar da manhajar, ta goge ta daga jerin masu farkawa, ta share jakar da take ɓoye, ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta sake bincike, ta buga sabon rahoto.

"Karanta da kanki. Layi na arba'in da bakwai yanzu na agogo ne. Ba kowa a ciki sai ke."

Su-ryeon ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ta sa farce ta ɓare filastar.

A baranda suka haɗu, ana wucewa da tsohon zuwa ɗakin tsare masu laifi. Ya tsaya, idonsa a kan takalmanta. Ita kuwa Sufeto ta kalla.

"Ba zan janye ƙarar ba."

"Ban ce ki janye ba."

"Kwana biyar ban yi barci ba saboda shi. A rubuta wannan ma." Ta gyara rungumar kwamfutar. "Gobe zan kwance kwalayen. Ƙarfe tara nake buɗe shago. Wanda yake son ganina, in ya gama da kotu, ƙofa tana gaba."

Man-cheol ya ɗago ya dube ta. Ɗan sandan da ke riƙe da shi ya ja shi a hankali. Sun yi taku huɗu ko biyar ta yi magana, ba ta juya ba.

"Baba. Ka ci abinci?"

"Na ci," in ji shi. "Na ƙoshi."

Sufeto Tak ya tuna tukunyar shinkafar da aka kashe ba a buɗe ba. Ƙarya ta ƙarshe ke nan a wannan shari'a, kuma ita kaɗai ce bai sa a rahoto ba.